Ƙararrawar Mai Bin Baya

Zuwa ga Ramlatu, sanyin idona, inuwar da nake hange idan rana ta take, ruwan randar da ba ya gundurata. Ramla ta Inna, Ramla tawa ko da kina fushi!

Assalamu alaikum. Ina Inna, ina Baffa? Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana. Ni ne dai Mujitaba, wanda kika kashe wa waya tun jiya. Daga Doguwa nake rubuto miki, a gindin wani dutse, bayan la'asar. Yau ranar hutu ce ga ayarinmu na kekuna. Baƙin da muke ratsa ƙasar nan da su duk sun bazu, wasu na ɗaukar hoton duwatsu, wasu na murza man zafi a cinya. Ni kuwa ga ni zaune tsakanin kekunan da aka jingine, su shiru, ni shiru. Wallahi ban taɓa sanin mutum zai iya zama cikin jama'a ya ji kamar shi kaɗai ya rage a duniya ba sai yau.

Wanki, Yaya Habu, ya kira ni da safe, ya zayyane mini komai. Ya ce jiya kin ci kwalliya, kin dama fura da hannunki, kin ɗauko Hasiya da sauran ƙawayenki kuka tsaya a gindin tsamiyar bakin titin garinku, hanyar Tudun Wada, don ku ga wucewata. Ya ce da na gaban ayari ya ɓullo, dogo, baƙi, da hular kwano da baƙin gilashi, sai kika ajiye kunyarki gefe, ke da ko sunana ba kya faɗa a gaban mutane, kika ɗaga masa hannu. Shi kuwa ya wuce fuu, ko waiwaye. Ƙawaye suka kalli juna. Kika juya gida da furarki. Yanzu kuma wai kin ce wa Inna a haɗa kayan sa rana a mayar gidanmu ran Juma'a, tunda na samu Turawa da 'yan birni na fara jin kunyar a gan ni da 'yar ƙauye.

Haba Ramla! Haba sanyin idona! Ni? Ni zan wuce ki? Ni da ko kazar gidanku na gani a hanya sai na taka birki?

Ba ni ba ne. Kamaluddeen ne, madugunmu. Tsawonmu ɗaya, rigarmu iri ɗaya, kuma idan ya sunkuya a kan keke ko mahaifiyarsa ce ta tsaya a bakin titi ba zai gan ta ba, ramuka da manyan motoci yake duba wa mutanen da ke bayansa. Da na ce miki ina cikin masu jagorantar tafiyar nan, daga bakin iyakar Nijar har bakin teku, ban taɓa kawowa a raina cewa a gaba za ki neme ni ba. Ni mai bin baya ne. Aikina ke nan. Ni ne na ƙarshe, da famfo da kayan faci da sifana a jakata. Dokar aikin kuwa ɗaya ce: ba na wuce kowa, ba na barin kowa. Wanda ya fi kowa nawa a tafiyar, shi ne ubangidana. Ya yi sauri in yi sauri, ya ja jiki in ja jiki, ya sauka ya tura kekensa in sauka in tura nawa.

Ubangidan nawa a wannan karon wani dattijo ne mutumin Ibadan, mai ciwon gwiwa. Matarsa ta rasu bara. Da ita suka yi niyyar ganin ƙasar nan tun daga sama har ƙasa, rai bai kai ta ba, shi ne ya ɗaura ɗankwalinta a kan kekensa ya ce sai ya kai shi teku. Tun da muka tashi daga Bagauda da sassafe yake tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai. Ina bayansa, zuciyata na gabanki. Na hango ayari ya yi nisa, ya zama ɗigo, ya ɓace. Na kira wayarki, ba ki ɗauka ba, na san hayaniyar ƙawaye ce. Ƙafafuna na roƙona in saki feda in tashi sama, amma yaya zan yi da bawan Allah da ke haki a gabana yana magana da ɗankwali?

Sai da rana ta karkata muka iso tsamiyarku. Wayyo, Ramla! Tun daga nesa na fara kaɗa ƙararrawa, ina kaɗawa ina murmushi kamar wawa. Na iso, babu kowa. Sai ɓawon rake, da sawun takalma, da wata akuya tana kallona. Na sa ƙafa ɗaya a ƙasa na sake kaɗawa, na sake. Ina hango rufin kwanon gidanku ta bayan gonar shinkafa, kusa ƙwarai, har hayaƙin girkin Inna nake gani. Da na karkata kan keke, kafin a daka yaji na iso ƙofarku. Amma dattijon ya riga ya yi gaba, dajin Falgore na jiran mu, yamma na matsowa. Wa zai bar tsoho mai gwiwa ɗaya ya shiga wannan daji shi kaɗai? Da na bar shi na zo wurinki, ke da kanki za ki raina ni, na san halinki. Na bi shi. Duk tsawon dajin nan ban ga itace ba, ban ga biri ba, hawaye ya cika mini gilashi. Shi yana kewar wadda ta tafi, ni ina kewar wadda ke raye, muka yi ta tafiya har muka fita dajin.

Kin tuna ranar da muka je Tiga bikin 'yar gwaggonki? Kin tuna da yamma a bakin ruwa, masunta na janyo komarsu, kika ce in koya miki keke? Kika hau, na riƙe sirdin ta baya ina gudu, kina ihu kina cewa kada in saki, kada in saki. Mayafinki ya shiga sarƙa ya yi baƙi da man keke, kika ce sai na biya, har yau ban biya ba. Ba ki iya keken ba ranar, ƙararrawa kawai kika iya kaɗawa, kika yi ta kaɗa ta har masuntan suka ce mun kore musu kifi. A ina nake ranar, Ramla? A gabanki ko a bayanki? Ashe tun ran nan aikina ya nuna kansa. Ban sake ki ba a Tiga, ta yaya zan sake ki a bakin titi?

Kuma ki tambayi zuciyarki abu ɗaya. Tun daga ranar Tiga, na taɓa zuwa zance ban kaɗa ƙararrawar nan a bayan katangarku ba? Har Inna kan yi miki tsiya ta ce ga mai agogonki ya iso. To, wanda ya wuce ki jiya, kin ji ƙararrawa? Keken Kamaluddeen na tsere ne, ba shi da ita. A duk ayarin nan ni kaɗai ke da ƙararrawa, tsohuwa, mai tsatsa a gefe. Abokan aiki sun yi mini dariya sun gaji, sun ce in cire ta tana ƙara mini nauyi, na ƙi.

Yau na cire ta. Ga ta nan a ƙunshe cikin wannan takarda, direban motar Tudun Wada zai ba Yaya Habu. Gobe za mu bar ƙasar Kano, mu nufi Saminaka, mu hau tudun Jos, mu gangara inda ba a jin Hausa sosai, har Kalaba. Ba zan iya juyowa ba, amanar mutum ce a hannuna. Juma'a za ta same ni a kan wani hawa, bayan dattijona, ban san ko ina da ke ko ba ni da ke ba. Wannan tunanin ya fi kowane dutse wuyar hawa. Yanzu ma babban yatsana sai kai kansa yake wurin da ƙararrawar take, ya tarar da ƙarfe tsirara.

Don Allah, don darajar iyayenki, kada ki bari a ɗaga kayan nan daga ɗakin Inna. In kuwa kin rantse sai an mayar, to ban da ƙararrawar, ba ta cikin lissafin kayan sa rana, taki ce tun Tiga. Na san kunyar abin da ya faru ba za ta bar ki ki yi mini magana yanzu ba, kuma ban nemi magana ba. Ki kunna wayarki kawai, ki kira ni, kada ki ce komai. Ki kawo ƙararrawar kusa, ki kaɗa. Ko ina tsakiyar hawa, ko manyan motoci na ruri a kunnena, zan gane ta.

Ni ne naki, wanda ba ya wuce kowa balle ke, wanda zai yi ta bin bayanki har ƙarshen numfashinsa,

Mujitaba