Surukina zai harbe karyarmu saboda tabo a kunne

Anti Noreen, don Allah ki taimake ni. Muna kiwon tumaki kusa da garin Lightning Ridge, mijina yana can yamma wurin haƙar ma'adinai sai ƙarshen wata, gida daga ni sai 'yata Tahlia sai surukina Baba Merv. Karyarmu ta kiwo, Pip, gashi ya zube mata a kunne da hanci, tabo zagayayye mai ɓawo. Baba Merv ya ce ƙazuwa ce ta kwaso wurin dila, kuma a gonar nan kare mai ƙazuwa bayan rumfa ake kai shi da bindiga, haka ubansa ya yi. Na ce makero ne. Maƙwabcinmu mai tonon dutsen ado da ake kira ofal ya ce makero yana ƙyalli a hasken tocilarsa mai ruwan shunayya, muka rufe rumfa muka haska, ko ɗigo bai yi ƙyalli ba. Baba Merv ko kallona bai yi ba. Ya ce zai shafa mata baƙin man inji, in ba ta warke ba shi ke nan. Yanzu ga irin tabon a hannun Tahlia, na rufe da doguwar riga don kada ya gani. Yarinyar nan da Pip take kwana. Tsoro nake ji in je gari in dawo in tarar babu Pip.

Mai fargaba

'Yata, kwantar da hankalinki. Tocilar nan ba ta yanke hukuncin komai ba. Makero iri-iri ne, kuma wanda karnukan gona ke ɗauka daga ƙasa ko ɓeraye sau da yawa ba ya ƙyalli. Likitan dabbobi ne zai tsige gashi, ya kankare fatar ya duba, wani gwajin ma sai an jira mako biyu ko uku. Ko makero ne ko ƙazuwa, duka suna warkewa. Baƙin mai kuwa guba ne, kada ya taɓa jikin Pip.

Ki raba Pip da sauran karnuka da gadon Tahlia, ki wanke shimfiɗu da ruwan zafi, yarinya kuma a kai ta asibiti. Ɓoye hannunta kuskure ne, ki daina yau.

Surukinki ba mugu ba ne. Ya tashi lokacin da babu magani, kuma garken yake karewa. Ki nuna masa hannun jikarsa da kanki, ki sa Pip a mota, ki roƙe shi shi ya tuƙa ku gari. In ya ji daga bakin likita, zai sauko ba tare da ya ji kunya a gabanki ba. Ban taɓa sanin makiyayin da ya harbe karensa a bayan rumfa ya dawo ya iya cin abinci ba.

Allah ya ba Tahlia da Pip lafiya.

Anti Noreen