Garwa Uku a Tsakar Gida

Litinin, 2 ga Disamba 2024
Bilkisu ta bugo daga Kano. Tun da rigata ta kama wuta a bakin murhu ina ɗumama ruwan alwalar asuba, maganarta ɗaya ce: "Baba, ka tattara ka dawo gidana." Na ce sai dai gawata. A ƙarshe mun yi sharaɗi: in ta zo ta tarar da ruwan ɗumi da asuba ba tare da na hura wuta ba, za ta ƙyale ni a Haɗejiya. Ta manta ubanta ya koyar da kimiyya tun ba a haife ta ba.

Alhamis, 5 ga Disamba
Garwa uku na jera a rana. Ɗaya na shafe ta da baƙin fenti, ɗaya da kwaltar da masunta ke liƙe kwalekwale, ɗaya da baƙin gindin tukunya da na kwaɓa da ƙaro. Tsohon ma'aunin zafina har yanzu yana aiki.
Mala maƙwabcina, mai bandar kifi, ya leƙo ta katanga. "Malam, rana kake wa tarko?" Na ci gaba da awona.

Asabar, 7 ga Disamba
Ta baƙin tukunya ta fi kama zafi, da la'asar ba a iya tsoma yatsa. Shi kuwa fentin, ƙyalli ya yi masa yawa, mayar da hasken yake.

Talata, 10 ga Disamba
Kamawa daban, riƙewa daban. Da asuba dukansu sun huce kamar ruwan kogi. Na yi alwala haƙorana na haɗuwa. Matata Umma, Allah ya jiƙanta, da tuni ta yi mini dariya ta ɗora tukunya.

Juma'a, 13 ga Disamba
Na sa garwar baƙin tukunya a kwando, na cusa buntun shinkafa ta ko'ina, da magariba in rufe da buhu. Buntun a gaban injin casar shinkafa na kwaso, sau biyu ina zama a hanya. Mala ya ce in kawo ya ɗauka. Na ce ba a aiko shi ba.

Lahadi, 15 ga Disamba
Ɗumi! Ɗumi sosai. Bari Bilkisu ta zo ta gani.

Talata, 17 ga Disamba
Akwai magana. Da magariba na auna, digiri arba'in da ɗaya. Da asuba, arba'in da shida. Ruwa ba ya ƙara zafi a cikin duhu, ko ɗan aji ɗaya ya san wannan. Na sunsuna. Ƙaurin banda.

Laraba, 18 ga Disamba
Na tare shi a bakin murhun bandarsa. Ko kunya, ya amsa shi ke shigowa ta ƙofar baya kafin asuba ya zuba mini ruwan zafi a garwar. "To, Malam, wutata kwana take, tukunya ɗaya me za ta rage mini? In an kai ka Kano wa zan riƙa tsokana?" Na ce ya ɓata mini awo, kuma ni ba abin sadaka ba ne. Ya ce, "Awon za ka yi alwala da shi?"
Na sa wa ƙofar baya sakata.

Alhamis, 19 ga Disamba
Ba hannun kowa: ashirin da huɗu. Ba sanyi ƙarara ba, ba ɗumi ba. Gwiwoyina sun faɗa mini gaskiya a sujada.

Juma'a, 20 ga Disamba
Gobe Bilkisu za ta iso, ta kwana. Baƙin tukunya shi ya ci gasa, wannan ba mai ƙwace mini. Buntun ne bai isa ba tukuna.
Sakatar ƙofar baya ta yi tsatsa, tana wahalar da yatsuna. Na bar ta a zare.