Sun sa kin ce albarka kin miƙa kaya

Assalamu alaiki Inna,

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Binta, autarki. Ƙara na kawo miki, kuma ni ce wadda ake ƙara.

Bayan rasuwarki na rubuta ɗan littafi a kan yadda kike sayar da atamfa a ɗakinki na Kusfa. Bara wasu matasa suka zo neman izinin mai da shi fim. Ban ko yi shawara da yayyena ba na amince, don ina ɗokin ganin sunana a allo.

Kin tuna yadda ciniki yake a wurinki. Mace za ta shigo ta zauna a tabarma, ki tambayi maigida da yara da ciwon ƙafar surukarta, ta sha ruwa, sannan a buɗe akwati. Kina yawan cewa, “Wanda bai san gidanku ba, bai san zanen da zai dace da ke ba.” Mu kuwa muna gunaguni, wai kina ɓata yini guda a kan turmi ɗaya.

Duk wannan suka yanke. Mai shirya fim ɗin ya ce gaisuwar ta yi tsawo, masu kallo za su gaji. Suka ba ki ofis mai gilashi da kujera mai juyawa, suka manna wa kowane turmi takardar farashi. Masu saye ba su da suna, lambar waya ce kawai ke haskawa. Na ji ba daɗi, amma na ƙyale su, don ni ma haka nake tafiyar da kasuwancin da kika bar mini. Hoto nake turawa, a zaɓa, ɗan acaɓa ya kai.

Wuri ɗaya suka bar ciniki baki da baki, nan ma suka kwafsa. Wata ta taya, sai mai fitowa a matsayinki ta ce “albarka”, ta miƙa mata zanen. Yaron da ya shirya fim ɗin bai taɓa sayen abin da ake tayawa ba, ya zaci albarka na nufin an sallama. Bai san ita ce a'ar da ba ta kunyata mai saye ba. Ina zaune a wurin ranar da aka ɗauki wannan, Inna. Kaina na sunkuye a waya ina amsa saƙon masu saye.

Da aka nuna fim ɗin a wani zaure a unguwar Kongo, tsofaffin mata suka kwashe da dariya. Goggo Lami, aminiyarki da ke zuwa daga ƙauye tun kafin a haife ni, ita ba ta yi ba. A bakin ƙofa ta riƙe hannuna ta ce ta kalla daga farko har ƙarshe, ba ta ga Hajiya A'i ba. Sai a lokacin na lura idonta ɗaya ya mutu. Shekara biyu ina aika mata kaya, ban sani ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne takwararki, 'yata A'i, da ba ta riske ki ba. Ta kalli fim ɗin ya fi a ƙirga. Shekaranjiya tana tsefe mini kai ta tambaye ni, wai ashe Kaka ba ta dariya ne? Na buɗe baki in ba ta labarinki, kuka ya riga ni.

Ki yafe mini, Innata. Allah ya haskaka makwancinki, ya yalwata miki kamar yadda kika yalwata wa duk wadda ta zauna a tabarmarki, ya sada mu a Aljanna.

Taki mai kewa da jin kunya,
Binta