Baba Yana Neman Sunan Shehun Da Zai Yi Wa Fatiha

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ko da yake na juya maganar ta kowace fuska ban ga ƙofa ba.

Ni malamin adabi ne a wata sakandare a Birnin Kudu, cikin mutanen nan da karatu bai ƙara musu komai ba sai surutu. Tun a jami'a na kamu da son karanta sufancin addinai daban-daban, na Kirista, na Hindu, har da na 'yan Buda, ina mamakin yadda mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suke kuka iri ɗaya idan sun zo maganar Ubangiji. Mahaifina kuwa muƙaddami ne a wani ƙauye ta wajen Dingaya a ƙasar Gwaram, yana da 'yar zawiyarsa, yana kuma tsara waƙoƙin bege da ajami. Tun da yanar ido ta raba shi da karatu, duk Asabar nake hawa mashin in je Gwaram in karanta masa littattafansa.

Wata Asabar, bayan an cire amfanin gona, ya ce ya gaji da jin abin da ya haddace tun kafin a haife ni, ba ni da sabon abu ne? A jakata akwai wani littafin Turanci, na buɗe na fassara masa wani yanki, duk inda na ga abin da zai tona asiri sai in tsallake. Maganar ita ce zuciya ɗaki ce, bawa ya share ta ya fitar da komai, har da kwaɗayin Aljanna, sannan ya zauna yana jiran Mai ɗakin, ko ya zo ko bai zo ba. Da na ɗago kai sai na ga hawaye na bin gemunsa. Ya tambaye ni maganar wane ce, na ce wani bawan Allah ne na ƙasa mai nisa. Alhali baiwar Allah ce, Baturiya, Kirista, irin matan nan masu kulle kansu a gidan ibada ba aure, ta mutu ɗaruruwan shekaru da suka wuce.

Daga nan kullum sai ya ce in kawo masa ƙari daga wurin Shehun nan, ni kuma ina ta kawowa, har ina jin daɗi, wai ga ra'ayina ya tabbata. Na mai da ubana ɗakin gwaji ke nan. Kafin in farga ya ɗinke maganganun sun zama waƙa, da amshinta. Yanzu ita ake rerawa bayan zikirin Juma'a, mata na yin ta a wajen sussuka, daga ƙauyukan kusa ma ana zuwa a rubuta.

Ga inda na maƙale. A zawiyarmu ba a rera waƙa a taron Mauludi sai an ambaci mai asalin maganar, da sunansa da na mahaifinsa, an yi masa Fatiha. Haka Baba ya gada, a wurinsa cin maganar mutum ba Fatiha sata ce. Mauludi kuma ya matso. Na ce masa bangon littafin ya yage, ya ce in tambayi wayata tunda an ce ta san komai. Na ce ana kan bincike, ya fusata, ya ce digiri biyu sun kasa gano sunan mutum ɗaya, da ya sani da ya bar ni ina noman gero.

Idan na faɗi gaskiya, Baba ya haura tamanin, ga hawan jini, kuma da bakinsa ya ce duk rayuwarsa Allah bai ba shi waƙa kamar wannan ba. Sannan akwai Habu, ɗan ƙanensa da ya bar ɗariƙa, shekara da shekaru yana yawo yana cewa hanyar Baba aro ce daga waɗanda ba Musulmi ba. Bai taɓa samun hujja ba, ni ne zan miƙa masa ita da hannuna, da lambar shafi. Idan kuma na ƙirƙiro suna, jama'a za su ɗaga hannu su yi Fatiha ga mutumin da ba a taɓa haifa ba, sunan ya zauna a zawiya, jikokina su gaje shi. Na kai kukana wurin wani abokin aikina Kirista, malamin kimiyya, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Malam ai mu ma a cocinmu ba mu yarda da matar nan ba. Wato ko can ba ta da mai karɓarta.

Asabar da ta wuce Baba ya kama hannuna, ya ce ya ga Shehun a mafarki, dogo, da farin rawani, ya yi masa murmushi amma bai faɗi sunansa ba. Ya ce ya gane, so yake sunan ya fito daga bakina don in samu albarkar. Na ce to Baba.

Jibi zan koma, kuma ya riga ya gaya wa mutane cewa da sunan zan zo. 'Yan'uwa, in faɗa masa ko wace ce, ko in ba shi sunan da zai dace da rawanin?