Sawun Taya a Sabuwar Gangara

Asabar, 30 ga Agusta

Marnie ta faɗi abin da kowa ya riga ya sani. Mu huɗu ne a ƙungiyar keken dutse ta jami'a da za mu iya jure tseren awa takwas, kuma mutum uku ake shiga da su, ana karɓa-karɓa: wannan ya yi zagaye ɗaya ya dawo, wancan ya fita. Ita ce kyaftin, gurbinta ba ya motsi. Tuan kuwa ƙafafunsa ba irin na mutane ba ne. Saura ni da Rhys. Ran 20 ga Satumba za a gwada mu, zagaye ɗaya, agogo ya raba gardama.

A hawa ina barinsa a baya yana haki. A gangara sai dai in ga bayan rigarsa. Bana kuma an ƙara sabuwar gangarar da dattijo Des da 'yan sa-kai suka yi hunturu biyu suna ginawa, lanƙwasa goma sha ɗaya, kowace da jingarta ta ƙasa. Sau biyu kacal na taɓa bin ta.

Rhys ya ce, "Tegan, gara ki fara koyon dafa dankali. Ni da gishiri sosai nake so." Wanda bai samu gurbi ba shi ke zaman rumfa yana dafa wa mahaya abinci.

Na yi dariya. Shekarata ta ƙarshe ce a jami'a, ba zan ƙare ta a gaban tukunya ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Ruwa, kwana na uku. An ɗaura igiya a bakin turbobin duka, da allon nan na kullum mai hana hawa har ƙasa ta bushe. Keken ɗaki na taka awa ɗaya ina kallon bango.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na yi abin da ba a yi.

Da safe ruwan ya ɗauke, rana ta fito, na ce titi kawai zan bi in haura dutsen in dawo. Da na zo bakin igiyar babu kowa, sai wani walabi, ƙaramin kangaru, yana kallona. Na taɓa ƙasar da hannu, na ce wa kaina ai ta sha iska. Ba ta sha ba, kuma na sani. Na ɗaga igiyar.

Sau ɗaya na yi niyya. Sau huɗu na sauka. Tayar baya tana nutsewa tana jan laka, ina ji a jikina. Da na waiwaya daga ƙasa na ga layin da na bari, na ce ruwa zai shafe shi.

Na wanke keken tas kafin laccar ƙarfe goma sha ɗaya.

Asabar, 6 ga Satumba

Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da kyau, zai shafe.

Litinin, 8 ga Satumba

Bai shafe ba. Ruwan ya samu hanya a sawuna ya bi, ya yi ta ci har ya zama rami. Marnie ta nuna mana hotuna a wayarta: jinga shida sun tsage, a wani wurin ramin ya kai gwiwa. Wata mata mai yawo da kare ta ce ta hango mai keke da rigar jami'a ran Juma'a, daga nesa, da hular kwano, ba ta san ko mace ce ko namiji ba.

Masu shirya tseren sun ce ko dai mu gyara kafin 11 ga Oktoba, ko a cire sunan jami'a. Marnie ta ƙara nata: duk wanda ya yi ba zai hau bana ba.

"Ba zan tsare kowa da ido ba," in ji ta. "Lambata tana wurinku."

Ta faɗi haka tana tsare Rhys da ido. Bara an taɓa kama shi a bayan igiya. Ya ɗaga hannu biyu ya ce ran Juma'a barci ya yi har azahar, kuma babu mai shaidarsa sai filo. Tuan ya yi dariya. Ni ma na yi, kuma muryata ta fito daidai, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Talata, 9 ga Satumba

Na canza tayar baya. Dama ta kusa cinyewa. To, ba ta kusa ba. Tsohuwar tana ƙarƙashin gado.

Asabar, 13 ga Satumba

Aikin gayya a gangarar. Mu goma sha biyu, da shebur da baro da manjagara. Hotuna ba su faɗi rabin abin ba. Na tsaya a lanƙwasa ta biyar ina kallon ramin.

Des ya haura saba'in, tsohon ma'aikacin titi ne, gwiwarsa ɗaya ta ƙarfe, ya daina hawan keke tun kafin a haife ni. Na zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya ba kowa aikinsa, ni ya ce in bi shi da baro. Ya nuna min yadda ake kwashe ruɓaɓɓen ganye da baƙar ƙasa har a kai ga jar nan mai danƙo, ita kaɗai ke riƙe jinga. A zuba kaɗan, a daddanna da bayan shebur, a ƙara. Na zuba baro guda a lokaci ɗaya don mu yi sauri, ya sa na kwashe.

"Ba burodi muke kwaɓawa ba, yarinya. Kaɗan-kaɗan."

Awa huɗu, jinga ɗaya da rabi. Ni kuwa minti uku nake yi daga sama zuwa ƙasa.

Da muka tashi ya raba shayi daga fulas ɗinsa. Ya kalli kekena a jingine da itacen turare ya ce, "Sabuwar taya." Na ce e. Ya ce mai kyau ce. Shi ke nan.

Tafin hannuna duk ya yi bororo.

Laraba, 17 ga Satumba

Marnie ta kira ni bayan atisaye. Babu gwaji ran Asabar. Ta ce ba za ta iya kai Rhys gaban mutanen nan ba alhali kowa na ganin shi ne, kuma ya ƙi ya amsa ya ba da haƙuri a wuce wurin. Gurbin nawa ne.

Ta rungume ni. Na ce na gode.

Abin da na yi shekara uku ina so ke nan. Na dawo gida na ci taliya a tsaye, ban ji ɗanɗanonta ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na gaya wa Baba a waya. Ya ce zai nemi wanda zai tatsar masa shanun kwana biyu ya taho daga Smithton. Baba, wanda ko bikin ƙanwarsa sai da ya bari a tsakiya saboda tatsar yamma.

Asabar, 20 ga Satumba

Rhys ya zo aikin gayya. Ban zaci zai zo ba. Ya ɗauki shebur ya yi ta aiki ba wasa ba tsokana, kuma Rhys marar tsokana abin tausayi ne. Wajen shan shayi ya zauna kusa da ni ya ce, "Ki yi ƙoƙari ki ci ayaba tun zagaye na biyu, ke kina mantawa sai kin fara ganin taurari." Da ma zagina ya yi.

Bayan an watse na tsaya taya Des kwashe kaya. Muna saukowa ya tsaya a lanƙwasa ta takwas, wadda ba a taɓa ba tukuna, ya nuna ramin da sandar manjagara.

"Kin ga inda ya fara zurfi? Kafin lanƙwasar. Kowace haka take. Mai keken nan yana matse birkin baya tun daga nesa, yana jan taya har ya shige. Tsoron gangarar yake ji." Ya gyara hularsa. "Yaron can da ake zargi kuwa na sha ganinsa yana saukowa. Ban tabbata ya san kekensa na da birki ba."

Na ce to me ya sa bai gaya wa Marnie ba.

"Ni turba nake gyarawa," in ji shi. "Riƙe min fulas ɗin nan."

Abin kunya, kuma nan kaɗai zan rubuta shi: abin da ya fara yi min zafi shi ne wai ina jin tsoro. Har na buɗe baki zan ce ƙasar ce ke da santsi ranar. Na rufe shi da ƙyar.

Lahadi, 21 ga Satumba

Kilomita sittin a titi. Ƙafafu lafiya lau. Ban ji daɗin ko ɗaya ba.

Litinin, 22 ga Satumba

Des ba zai faɗa ba. Rhys ba shi da shaida. Saura kwana goma sha tara. In na yi shiru, shi ke nan, ya wuce.

Na lissafa wannan sau uku yau, a lacca, a layin kanti, a wanka, kuma kullum lissafin daidai yake fitowa.

Talata, 23 ga Satumba

Na same su su uku a rumfar kekuna kafin atisaye. Na shirya jawabi mai kyau a hanya, da dalilai. Da na isa abin da ya fito kawai shi ne, "Ni ce. Ran Juma'ar nan. Sau huɗu."

Tuan ya sunkuya ya ci gaba da shafa wa sarƙar kekensa mai, alhali ya riga ya shafa. Marnie ta ce, "Na rungume ki fa, Tegan." Wannan ya fi duk wani zagi.

Rhys ya dube ni ya ce, "Sau huɗu? A cikin lakar nan?" Na ce e. Ya ce, "Kuma kika bar ni mako biyu ina yawo da shi a ka." Na ce e. Ya hau kekensa ya tafi, bai jira kowa ba.

Marnie ta ba shi haƙuri a gaban kowa da yamma, ta mayar masa da gurbin. Ni ba ta kore ni daga ƙungiya ba. Ta ce in ci gaba da zuwa wurin Des har a gama.

Na yi kuka a banɗakin ɗakin karatu, sannan na ji yunwa irin wadda na kwana biyu ban ji ba.

Laraba, 24 ga Satumba

Na gaya wa Baba komai a waya. Sai ya ce, "Kin bar ƙofar garke a buɗe, kin koma kin rufe. To." Ya ce ya riga ya yi magana da mai tatsar, zai zo duk da haka.

Asabar, 4 ga Oktoba

Jinga ta ƙarshe. Talata da Alhamis ma na je, ni da Des kaɗai. Bai taɓa tayar da maganar ba. Yau ya bar ni na yanke magudanar ruwa a lanƙwasa ta takwas da kaina, ya zo ya duba, ya zuba ruwan gorarsa ya ga inda ya bi, ya ce in ƙara sauke bakin da yatsa biyu.

Rhys har yanzu gaisuwa kawai.

Asabar, 11 ga Oktoba

Tsere. Ba rumfar dankali aka ba ni ba, Des ya roƙa a ba shi ni. Awa takwas a lanƙwasa ta takwas da riga mai ruwan lemo, da usur, da manjagara, ina share duwatsun da tayoyi suka watso.

Da aka busa tashi na ji su daga ƙasa, ƙarar giyar kekuna da ihun mutane. Ba zan yi ƙarya ba, na so a ce ni ce. Har yanzu ina so.

Baba ya hauro da ƙafa da takalmansa na gona, ya kawo min tsiran nama a burodi, ya zauna kan kututture. Ya kalli mahaya kamar ashirin, sannan ya tashi ya taka jingar da dunduniya ya ce, "Ke kika yi wannan?" Na ce ni da Des. Ya ce ta yi ƙarfi.

Mutum ɗari da wani abu, kowa zagaye biyar ko shida. Na fara gane masu jan birki tun kafin in gan su, daga ƙarar tayar. Suna da yawa. Ba ni kaɗai ba ce ashe.

Rhys ya wuce sau biyar, ko kallona bai yi ba. A na ƙarshe, fuska duk gishirin zufa, ya hau jingar har can sama inda babu wanda ya kai, ya yi ihu yana wucewa, "Ta riƙe, Tegan!"

Na biyar suka zo. Da ni ce da wataƙila na shida. Wataƙila na huɗu, a hawa nake cin lokaci. Ba za a taɓa sani ba, kuma ni na jawo.

Laraba, 15 ga Oktoba

Ruwa tun jiya, mai ƙarfi. An mayar da igiya.

Ina da rahoton da zan miƙa ran Juma'a, ban rubuta ko rabi ba. Da rana Marnie ta gan ni a tashar bas da rigar ruwa ta ce ina zuwa. Na ce iska zan sha. Ta kalli ƙaramin shebur ɗin da ke leƙowa daga jakata.

Da ƙafa na hau, ta gefen turbar, kan ganye. Minti hamsin. Ba wai na damu ba ne, so nake kawai in ga ko yatsa biyun nan sun isa.

Ganye ya toshe bakin magudanar, ruwa ya fara taruwa a gindin jingar. Na tsuguna na kwashe da hannu, na tsaya har na ga ya bi inda aka ce ya bi. Na duba ta bakwai da ta shida tunda na riga na jiƙe. Daga nan sai na duba sauran.