Sunan da Na Raɗa wa Jikarki

Zuwa ga Mama,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwarta, ina fata kina hutawa lafiya a gaban Ubangiji. 'Yarki ce Rifkatu, daga Woodbridge ta Amurka, garin nan da kika ce sunansa ya fi ƙarfin bakinki, kika mayar da shi "wajen Rifkatu". Muna nan lafiya. Surukinki Emil yana gaisuwa. Har yau bai iya tuƙa tuwo ba, har yau kuma bai daina gwadawa ba.

Mama, na haihu. Mace ce. Bayan duk shekarun nan na jira da zaryar asibiti, ta iso da gashi cike da kai, da murya kamar ta mai kiran fasinja a tashar Bukuru. Likita ya ce daga ita ba ƙari, na ce na gode, ita ma ban sa rai ba. Maganar suna ce ta zaunar da ni rubutu, domin akwai alkawari tsakanina da ke, kuma gara ki ji daga bakina.

Ranar da kuka raka ni tasha zan taho ƙasar nan aikin nas, na ce in Allah ya ba ni 'ya mace sunanki zan sa mata. Kika gyara min ɗankwali kawai. Amma kowa a gida ya ji, kuma kowa ya san ba ke kika haife ni ba, riƙona kika yi tun ina ƙarama. In 'yar cikinki ta tsallake sunanki, za a ce zamani ne. In 'yar riƙo ta tsallake shi, butulci za a kira abin. Wannan tunanin ya hana ni sakewa tun da aka gaya mana mace ce.

Su ma dangin Emil da nasu. A gidansu can jihar Louisiana, kowane zamani sai an sami mace guda mai suna Osit. Wadda ta rage yanzu ita ce yayar babansa, tsohuwa tukuf, ni nake ce mata Goggo Osit. 'Yan'uwan Emil duk maza suka haifa, sun kuma rufe haihuwa. Shi bai matsa min ba, kin san shi da zurfin ciki. Sau ɗaya ya taɓo maganar, muna maƙale a cunkoson babbar hanya mai lamba 95 za a kai ni awo. Ya ce in Goggo ta tafi, sunan ya tafi ke nan. Daga nan ya ƙara ƙarar rediyo.

Na tambaye shi wace ce Osit ta farko. Ya ce wata kaka ce ta can da nisa. Me ta yi a rayuwarta? Bai sani ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum da gemunsa har da furfura, yana neman a ɗora wa 'yata sunan matar da ko labarinta bai riƙe ba! Sai muryarki ta dawo min, irin yadda kike faɗa duk lokacin da aka yi haihuwa a unguwa: "Ba a sa wa jariri sunan wanda ba a san halinsa ba. Yaro yana ɗauko halin mai sunansa, ko kun so ko kun ƙi." Na ce wa Emil to sai mu binciko ta. A raina kuwa dalilin ƙi nake nema, ba zan ɓoye miki ba.

Abin da muka fara ganowa ya sanyaya min jiki. Mutanen Emil manoma ne masu jin Faransanci, a wata ƙasa da ake kira Akadiya, can gabashin Kanada ta yau. Fadamun bakin teku suke tarewa da ganuwar ƙasa su mayar da su gonaki. Fiye da shekara ɗari biyu da hamsin da suka wuce, sojojin Ingila suka tattara su, suka cusa su a jiragen ruwa, suka cinna wa gidajensu wuta. Aka watsa su gari gari, miji a wannan jirgi, ƙanwarsa a wancan. Wasu aka sauke su a Maryland, suka yi sama da shekara goma suna aikin ƙodago a gonakin mutane, sannan suka sami hanyar Louisiana. Osit tana cikin waɗannan.

Kin san inda aka zube su? Wani wuri da ake kira Port Tobacco, tsallaken kogin Potomac, kusan daura da mu. Duk shekarun nan ina ganin wancan gefen daga tagar jirgin ƙasa, ban taɓa tunanin ya shafe ni ba.

Wata Asabar da ba ni da aiki muka tsallaka gada muka je. Ba wani gari, Mama, 'yan gidaje ne da ciyawa, tashar jirgin ruwan ma laka ta cinye ta. Ba mu ga kabari ko dutse mai sunanta ba. Emil ya tsaya bakin ruwa hannu a aljihu, ni kuma ƙafafuna sun kumbura, sauro na cizona. Na tausaya mata, amma na ce masa wahala ba hali ba ce. Mugu ma ana korarsa daga gida. Ni halinta nake so in ji.

Muka kira Goggo Osit a waya, ta ce wannan ba maganar waya ba ce. Nan take ta burge ni, don ke ma haka za ki ce. Likita ya yarda in yi tafiya, na ninke turmin atamfa da ƙullin yaji a jaka, muka hau jirgin sama zuwa Louisiana.

Abin da ya faru da muka shiga falonta, da kina nan sai kin yi dariya har da hawaye. Na ga tsohuwa a kujera, sai na yi abin da kika koya min, na durƙusa har ƙasa da ƙaton cikina zan gaishe ta. Kan ki ce kwabo gida ya rikice. Matar ƙanin Emil ta kurma ihu wai naƙuda ce, wani ya ruga neman makullin mota, Goggo tana buga sandarta tana ba da umarni da Faransanci. Ni kuwa ina durƙushe na kasa tashi, ina cewa gaisuwa nake yi. Da Emil ya yi musu bayani, Goggo ta daɗe tana kallona. Ta ce rabon da wani ya rage tsawo dominta har ta manta. Ta kori kowa waje, har shi, ta ce labarin na mata ne, daga mai suna zuwa uwar mai suna ake miƙa shi.

Ga abin da ta ce, yadda ita ma mahaifiyarta ta gaya mata. A cikin jirgin, zazzaɓi ya kashe mijin Osit, ya kuma kashe wasu mata da miji da ba ta ma san su sosai ba, suka bar ɗan yaro da bai daɗe da fara tafiya ba. Da aka sauke su, hukumar wurin tana ɗauke yaran da ba su da mai ciyar da su, ta raba wa masu gonaki su yi musu bauta har su girma. Aka zo kan yaron nan ana tambayar na wa ne. Osit, gwauruwa da nata 'ya'yan a gefe, ba ta da ko tabarmar kwana, ta jawo shi jikinta ta ce nata ne. Ta ciyar da shi da wanki da kaɗi da aikin taba duk tsawon zamansu a Maryland, ta hau jirgin Louisiana da shi. Da ya girma ya haifi 'ya mace, ya sa mata Osit, ya bar wasiyya kada sunan ya fita daga gidansa. Goggo ta ce, "Mu jikokin yaron ne. Ba ɗigon jininta a jikinmu."

Mama, ban san lokacin da kuka ya ƙwace min ba. Na koma makarantar firamaren nan da aka tara mu bayan rikicin da ya cinye unguwarmu a Jos. Ina zaune a gindin allo da takalmi ƙafa ɗaya, iyayena ba su fito ba. Ma'aikata suna ware yaran da ba su da kowa za a kai su gidan marayu. Ke maƙwabciya ce kawai, gidanki ma toka ne, ga naki yaran suna kukan yunwa. Da wata ma'aikaciya ta nuna ni, kika ce, "Tawa ce, ba ki ga goshin ba?" Goshinmu kuwa ko kusa bai yi kama ba.

Ban san ko duk abin da Goggo ta faɗa haka ya faru daki daki ba, shekarun da yawa. Amma na san irin matar, don a hannunta na tashi.

Taron suna a gida muka yi shi. Matan zumunta na cocinmu suka taho daga garuruwan Greenbelt da Germantown da kulolin masa da gwate, falon ya cika har matakala. Aka jingina waya a kan tebur don Yaya Hannatu, 'yarki ta fari, ta gani daga Bukuru. Fasto ya tambayi sunan yarinya, Emil ya kalle ni, don ya bar min zaɓi har ƙarshe. Na ce Osit.

Wata a bayana ta ce, "Wa?" Ni dai wayar nake kallo. Fuskar Yaya ta ɗaure irin ɗaurewar nan da kika sani. Ta ce, "Rifkatu, ba haka muka ji a tasha ba." Na ce ta ba ni minti kaɗan. A gaban kowa na ba ta labarin jirgin da yaron, Emil yana riƙe da kafaɗata duk da rabin Hausar ta wuce shi.

Da na gama, Yaya ta matso kusa da wayar. Can ta goge ido da bakin zani ta ce in ɗago yarinyar ta gani. Na ɗago ta. Ta ƙura mata ido, sannan ta ce, "Sannu da zuwa, Mama." Kin san a gidanmu ba a kiran jariri haka sai mai sunan uwa. Tun ranar duk gida haka suke kiranta, har Emil.

Don haka ban cika alkawarin yadda na faɗe shi ba, Mama, ki yafe min wannan. Takwarorinki sun cika Bukuru, duk wanda kika riƙe ya sa sunanki. Ita kuwa Osit, baiwar Allah, takwara ɗaya tsohuwa ta rage mata a duniya. Na tabbata da kina raye, ke za ki fara cewa a ba ta.

Na gode da kika hana ni karɓar suna ido rufe. Na gode da ƙaryar goshin nan, ita ce ta ba ni gida, ta kuma ba jikarki dangi. Ubangiji ya ƙara miki hutu, ya haskaka makwancinki da na Osit, ya raya wannan yarinya ta ɗauko halinku ku biyu. In kun haɗu a can, ki gaishe min da ita, ba sai kun nemi tafinta ba. Amin.

Taki har kullum,
Rifkatu