Akwatin da Ka Fara Yi wa Inna

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai yawa daga ƙaninka Sale, tare da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mutanen gida duk lafiya. An cire masara, an yanke dawa, audugar gonar bakin rafi ma ta yi kyau bana, duk da ba kai ka kula da ita ba. Na rubuto ne in shaida maka na ƙarasa akwatin lasifikar nan da ka bari a zaure, in kuma faɗa maka wautar da na tafka kafin in ƙarasa shi.

Ka san ni da wannan aiki naka. Shekara nawa na yi ina maka tsiya? Manomi guda, ka dawo daga gona a gajiye, maimakon ka miƙe ƙafa sai ka jawo zarto da katako ka hau aune-aune. Mutane su je Funtua sayen taki, kai ka dawo da tsohuwar lasifikar mota a buhu kana washe baki. Kuma ko akwati ɗaya ba ka taɓa sayarwa ba, kyauta kake rabarwa. In na ce maka ga rediyo nan birjik a kasuwa, sai ka ce, "Sale, lasifika in ba akwati ihu kawai take yi." Ni dai dariya nake yi in wuce.

Bayan rasuwarka kunnen Inna ya ƙara nauyi. Na kai ta asibiti a Malumfashi, likita ya ce tsufa ne, ba ya dawowa, gaba ma zai yi ta yi. Ya ce siririyar murya ce ta fara ɓace mata, mai kauri ce ta rage, ita ma ba lallai ta daɗe ba.

To, a wayata akwai saƙon murya guda ɗaya naka, wanda ka turo min daga kasuwar Dayi mako biyu kafin ka kwanta ciwo. Shi kaɗai ya rage mana na muryarka, kuma Inna ta san da shi. Na kara mata wayar a kunne ya fi sau goma, ta ce kamar kukan sauro take ji. Na sayo ƙaramar lasifikar kanti, irin mai walƙiya da fitila ja da kore, na ƙure ƙararta har kaji suka watse. Ta ce ta ji hayaniya, amma ba ta ji mutum ba. Daga nan ta daina tambaya. Wallahi shirun nan ya fi tambayar yi min ciwo.

Na nemi akwatunan da ka rabar. Na masallaci don kaifin muryar ladan ka yi shi, ba shi da kauri. Na abokinka na Musawa kuwa gara ta cinye shi. Sai na koma kan katakon zaure, falle shida a jingine, an yanka an goge. A jikin ɗaya ka zana da'ira da murfin tukunya, a ƙasa ka rubuta "Inna" da fensir. Sai a lokacin na tuna ka ce za ka yi mata babba mai kaurin murya don ta riƙa jin tafsiri. Lasifikar kuma na same ta a ƙarƙashin gadonka, naɗe da tsohon zani.

Ni malamin firamare, wanda alli kawai hannuna ya sani, na ɗauki zarto. Ramin da lasifikar za ta zauna ya fito a karkace, ba zan ɓoye maka ba. Na haɗa katakon da gam da ƙusa, na cuɗa garin katako da gam na toshe duk wata kafa. Ashe ido yana ɗaukar abu ko mutum bai sani ba. Na tuna yadda kake jiƙa bayan hannunka ka bi gefe-gefe kana neman inda iska ke fita, kana cewa ta guntun bututun da ake sawa a gaban akwatin kaɗai aka yarda ta bi. Haka na yi.

Saura auduga. Na sha ganin fari fat a cikin akwatunanka kafin ka rufe bayan. Na ce wannan ai mai sauƙi ne, gidan auduga muke. Na shiga ɗakin ajiya na kwance buhu, na ɗebo yadda aka tsinko ta daga gona, na yi ta cusawa har akwatin ya cika maƙil, na rufe na buga ƙusa. Na haɗa da amfilifayarka mai ƙara ƙarfin sauti da batirin mota, na kunna rediyo.

Kai, Yaya! Kamar an zuba tsakuwa a ƙwarya ana girgizawa. Mai karanta labarai yana magana, wani abu yana caccaka a bayansa. Na zargi wayoyin, na sake ɗaura su. Na zargi lasifikar, na ɗaura ta a babur har Funtua wurin mai gyaran rediyo, ya gwada ya ce lafiyarta lau. Asabar uku na kashe a kan abin nan. A cikin makonnin ne na lura Inna ta daina jin kiran la'asar, inuwar katanga take dubawa. Raina ya ɓaci har na ce zan faskara akwatin a dafa tuwo da shi.

Ranar Asabar ta huɗu da hantsi ina zaure ina ta fama da akwatin, rediyo na kunne, Inna ta zo wucewa za ta gidan suna. Ta dafa akwatin don ta gyara takalminta. Sai ta tsaya, tafin hannunta a kan katakon. Ba da kunne ta ji ba, da hannu ta ji. Ta ce, "Wa ya gurje maka audugar?" Na ce wace gurza kuma? Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Sakarai, da anguryar ka cusa?"

Wai ni ɗan ƙasar Funtua, jikan manoman auduga, wanda ya tashi yana ganin motoci na shiga kamfanin gurza, na manta cewa auduga tana da ƙwaya a ciki. Ita ce ke ta bugun katako da bayan lasifika duk makonnin nan.

Ba ka taɓa gaya min ba, Yaya, cewa duk audugar da ka sa a akwatunanka Inna ce ta gurje maka ita da hannunta. Ta fasa zuwa sunan. Ta jawo dutsen gurzarta da ƙarfensa daga bayan randa, ta zauna a tabarma, kwana biyu tana murzawa angurya na faɗuwa gefe. Ta hana ni taɓawa. Da ta gama ta ce, "Yayanku ba ya cika cikin, a jikin katako yake manna ta, kaurin yatsa biyu." Ka san ta, kai ne ɗan fari, ba ta kama sunanka, ko a gaban mutane ba ta cika yi maka magana kai tsaye ba.

Na yi yadda ta ce. Ranar Litinin bayan la'asar na fito da akwatin tsakar gida, gindin mangwaro. Ta zauna daf da shi, ta ɗora hannu a kai, ta matso da kunnenta na dama. Na haɗa wayar na danna. Muryarka ta fito da kaurinta, har da ɗan tarin nan da kake yi kafin ka fara magana: "Sale, ka gaya wa Inna na samo mata daddawar da take so. Kada ta ɗora miya sai na iso."

Ba ta motsa ba. Ta ce, "Sake." Na sake. Ta ce, "Sake." A na uku ta shafa katakon ta ce, "Na ji ka, Habu."

Shekarata arba'in da ɗaya a duniya, ranar na fara jin sunanka a bakinta. Na tashi na shige zaure na yi kukana, ba na jin kunyar faɗa maka.

Yanzu akwatin yana ɗakinta, kusa da gado. Kullum bayan la'asar nakan shiga in kunna mata sau ɗaya, sannan in mayar mata da tafsiri. Ban san wata nawa kunnen zai ƙara ba. Amma ta ji, kuma da aikin hannunka ta ji.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka ya haskaka shi. Allah ya sa farin cikin da Inna ta samu ya zama nauyi a mizaninka, ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Ka yafe min tsiyar da na yi maka, ka yafe min ramin da na yanka a karkace.

Naka ƙane,
Sale